Ƙarar taimin a injin Hilux: yadda za ka gane mai jira da wadda ba ta jira

Kafin ka ɗaga gyara zuwa ƙarshen wata, fara sanin ko sarƙa ce ko bel ke riƙe taimin ɗin injinka, wato daidaiton buɗewar bawul da motsin fistin. Hilux mai shan fetur, irin mai tsohon injin 22R ko injin 2TR-FE mai lita 2.7, sarƙa gare ta, wadda bakanikai ke kira taimin cen. Haka ma 1GD da 2GD na dizal da suka fara fitowa a 2015. Amma 3L, 5L, 1KD da 2KD bel ne, shi kuwa bel ba ya sallama kafin ya tsinke. Ana canza shi a kilomita 100,000 a 3L da 5L, a 1KD da 2KD kuma 150,000, ko da shiru yake. In ka ji ƙugi daga murfinsa, galibi boris ɗin tenshina, wato abin da ke ɗame bel ɗin, ko na fuli ne ya ci, a buɗe a ranar.

Sarƙa ce ke ba da ɗan sarari, shi ma sai an bincika.

Fara da baƙin mai, domin tenshinar da ke ɗame sarƙar da ƙarfin mai take aiki. Ajiye motar a wuri mai daidai, kashe ta, jira minti 5, ka zaro geji. In man ya sauka, ko ya yi kauri kamar kwalta, yi juye da irin wanda littafin motar ya ce, ka sa matata mai kyau. Matata ta jabu kan bar mai ya zurare cikin dare, inji ya tashi a bushe.

Washegari da asuba, inji na da sanyi, buɗe bonet ka sa wani ya tayar, kai kana tsaye a gaba. In ta yi kar-kar-kar na daƙiƙa 2 ko 3 ta yi shiru, tenshina ce ke jiran mai ya iso, a 2TR-FE kuma yana iya zama giyar VVT-i ce, wadda ke sauya lokacin buɗewar bawul. Wannan za ta iya jiran 'yan makonni kana tara kuɗi, muddin tsawon lokacin ƙarar bai ƙaru ba. Sa agogo ka riƙa ƙirgawa kowace safiya. Amma in inji ya ɗau zafi ƙarar tana nan a silo, ko tana dawowa da zarar an saki totur, sarƙa ta miƙe ko robar da ke riƙe ta ta karye. Ajiye motar. Kada a ce bari a kai buhunan masara kasuwa sau ɗaya tukuna.

Kafin a kwance komai, tabbatar daga can ƙarar take. Cire fambel, tayar da injin na ƙasa da minti 1, tunda famfon ruwa ba ya juyawa. In ƙarar ta ɓace, oltaneta ce ko famfon ruwa ko wani fuli, kuɗinka ya huta. In tana nan, ɗora bakin dogon sukudireba a murfin taimin, ka kara marikin a kunne, ka tattare hannun rigarka. Mota mai kwamfuta a jona mata na'ura: lambar P0016 na nufin karanshaf da kamshaf, sandunan biyu da sarƙar ke haɗawa, sun daina tafiya tare.

A 22R an san yadda ɓarnar ke bi. Robar gefe ta karye, sarƙa ta riƙa gugar murfin alminiyam har ta huda hanyar ruwa, sai ka zaro geji ka ga mai kamar shayi da madara. Gutsattsarin robar kuma su faɗa kwanon mai su toshe rariyar famfo, boris ɗin karanshaf ya rasa mai, inji ya buga. In kuwa sarƙar ta tsallake haƙora da yawa, fistin ya tarar da bawul a buɗe ya lanƙwasa shi, aikin yini guda ya koma sauke kan inji.

Ranar gyara a sayi saiti cikakke: sarƙa, tenshina, robobin biyu, giyoyin sama da ƙasa, sil ɗin gaban karanshaf da gaskit. Sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora ba ta daɗewa. Ka tsaya a kan sai an sauke kwanon mai an wanke rariya, nan ne masu sauri ke tsallakewa. Bayan an daidaita alamomin taimin, a juya karanshaf da hannu zagaye 2 cikakku. In ya cije a wani wuri, ko alamomin ba su dawo inda suke ba, kada a murza makulli, a sake saiti.