Yadda na raba hotunan tsuntsaye dangi-dangi

Hotunan tsuntsayen da na ɗauka a bakin tafkin Sakumono da dajin Achimota a ƙasar Ghana sun taru a kwamfutata kamar kayan gwanjo a kasuwar Nima. Da farko da launi nake jera su, farare nan, baƙaƙe can. Shirme ne. Balbela ta rabu da ɗan uwanta zalɓe, hankaka kuwa da farin ƙirjinsa ya rasa gida.

Sai na koma kan dangi. Na buɗe wa kowane dangi jaka da sunansa na kimiyya, na rubuta na Hausa a gefe. Balbela da zalɓe suka shiga Ardeidae, su ne masu lanƙwashe wuya idan suna tashi. Kurciya da hasbiya, Columbidae. Ungulu ce ta ba ni mamaki: ashe danginsu ɗaya da shirwa da shaho, Accipitridae.

Tsattsewa ce ta sha ni ruwa. Suna ɗaya muke kira, alhali dangi biyu ne da ba su haɗa komai ba sai kama. Wani dattijo da muke fita tare ya ce, "Ɗana, dubi wayar lantarki." Wadda ta sauka kan waya ta zauna, Hirundinidae ce. Ta Apodidae ƙafafunta gajeru ne ƙwarai, sai dai ta maƙale a bango, fikafikanta kuma dogaye kamar lauje.

Yanzu hoto uku nake nema wa kowane tsuntsu: baki, ƙafa, da fiffike a buɗe. Wanda ya fito dishi-dishi ina ajiye shi a jakar "tukuna".