Yadda Ake Amfani da Garin Furotin na Ruwan Cuku

Idan aka tsinka madarar shanu domin yin cuku, takan rabu gida biyu, wato daskararren ɓangaren da ke zama cuku da kuma wani ruwa mai ɗan rawaya da ke tsatsowa. Wannan ruwan ne ake tacewa a busar da shi ya koma garin da ake sayarwa da sunan whey. Kusan kashi 20 cikin ɗari na furotin ɗin madarar shanu a cikinsa yake, kuma yana ɗauke da dukkan sinadaran amino asid guda 9 waɗanda jiki ba ya iya haɗawa da kansa, musamman lusin, wanda ke zaburar da ginin tsoka. Ciki kuma yana narkar da shi da sauri.

Kafin mutum ya saya, ya kamata ya fara da lissafi, domin garin nan abinci ne mai cike giɓi, kuma sai an san girman giɓin ake sanin abin da za a cike shi da shi. Baligi mai lafiya wanda ba ya aikin ƙarfi yana buƙatar kimanin giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, mai ɗaga ƙarfe a kai a kai kuwa yakan amfana da kusan giram 1.6, kuma ƙari a kan haka ba ya kawo wata riba ta a-zo-a-gani ga mafi yawan mutane. Ke nan mai nauyin kilo 70 zai nemi giram 56 idan ba ya atisaye, ko giram 112 idan yana yi. Sai ya duba abin da yake ci, ya tuna cewa ƙwai guda yana ba da kusan giram 6, nama da kifi da wake ma suna ba da nasu kason. Idan yana atisaye kuma furotin ɗin abincinsa ya kai giram 90, to cokalin awo guda ya wadatar, tunda cokalin da ke zuwa a cikin roba yakan ɗebi kusan giram 30 na gari, wanda ke ɗauke da furotin giram 20 zuwa 25. Idan kuwa abinci ya riga ya cika adadin, a ganina sayen garin asarar kuɗi ce.

Iri uku ne ake samu. Konsantiret shi ne mafi araha, furotin ɗinsa yakan kai kashi 80 cikin ɗari, sai dai da sauran maiƙo da laktos, wato sukarin madara. Aisolet an fi tace shi, ya kai kashi 90 ko fiye, laktos ɗinsa kaɗan ne, don haka shi ya fi dacewa da wanda madara ke ɓata wa ciki. Na uku, haidirolaiset, an riga an farfasa furotin ɗinsa, ga tsada ga ɗaci-ɗaci, kuma ba kasafai mutum mai lafiya ke buƙatarsa ba.

Wajen haɗawa, a fara zuba ruwa ko madara mai sanyi kimanin kofi guda, sannan a zuba garin a girgiza sosai, domin ruwan zafi yana sa shi gudaji. Mutane da yawa sukan yi gaggawar sha da zarar sun ajiye ƙarfe, alhali jimillar abin da aka ci a yini ta fi muhimmanci a kan daidai lokacin da aka sha. Abin da ya fi shi ne a rarraba furotin a kan abincin safe da na rana da na dare. Garin shi kaɗai ba ya gina tsoka, sai an haɗa da atisayen da ke wahalar da ita, kuma wanda ya ɗora shi a kan cikakken abinci ba tare da motsa jiki ba, ƙiba zai ƙara, tunda kowane cokali yana da kalori kusan 120. Tsofaffin da cin abincinsu ya ragu, da masu jinyar da suka rame, suna iya amfana da shi bisa shawarar likita, haka ma mai neman rage ƙiba, saboda furotin yana riƙe ciki.

Illar da aka fi gani ita ce kumburin ciki da yawan iska da gudawa, galibi saboda laktos ko kayan zaƙin da aka ƙara, kuma akan samu sauƙi idan aka fara da rabin cokali. Wasu sukan lura ƙurajen fuska sun ƙaru. Wanda jikinsa ke yin bori idan ya sha madara, ya fito da ƙaiƙayi ko numfashinsa ya sarƙe, kada ya taɓa shi ko da aisolet ne, domin furotin ɗin ne jikinsa ba ya so. Mai ciwon ƙoda ma kada ya sha sai da izinin likita, saboda ƙodar da ta raunana tana shan wahala wajen fitar da dattin da furotin ke bari. Masu shan maganin ƙwayoyin cuta irin su tetarasaikilin su ba da tazara tsakanin maganin da garin, domin kalsiyam yana rage shigar maganin cikin jini. Ba a kuma ba jarirai shi a madadin nono.

Batun inganci yana buƙatar sa ido, domin a Amurka, inda manyan kamfanonin wannan kaya suke da yawa, wata doka ta shekarar 1994 ba ta wajabta wa FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, tantance irin waɗannan kayayyaki kafin su shiga kasuwa ba. Saboda haka a nemi tambarin masu gwaji masu zaman kansu, kamar NSF Certified for Sport ko Informed Sport. A kuma raba giram ɗin furotin da nauyin cokalin da aka rubuta a jikin robar. Idan cokali mai giram 40 yana ba da furotin giram 15 kacal, to yawancin abin da ke ciki sitaci ne da sukari.