Yadda ake haɗa kantar ajiye macizai a gida

Duk wanda ya turo min hoton kantar da ya haɗa yana cewa macijinsa ya gudu, tun kafin na buɗe hoton na san inda matsalar take, tazarar da ke tsakanin bakin robar da macijin ke zama a ciki da katakon da ke samanta ce. Don haka a kan wannan tazarar zan fi tsayawa.

Maganar da nake yi ta ƙaramar mesar nan ce mai dunƙulewa kamar ƙwallo in ta tsorata, Python regius, wadda ake fitarwa daga Ghana da Togo da Benin zuwa Amurka da Turai. Ba ta da dafi, tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, kuma a daji ma cikin rami da shuri take wuni, shi ya sa roba mai duhu ta fi mata kwanciyar hankali kan akwatin gilashi. Kasa da kububuwa da gamsheƙa kuwa babu su a wannan zancen, kar ma ka fara.

Farko ka sayi robobin tukuna, duka na kamfani ɗaya kuma samfuri ɗaya. Kar ka ba kafinta awon da aka rubuta a jikin takardar roba, ɗauki robar kanta ka kai masa. Murfin ka ajiye shi gefe, a irin wannan kantar ba a amfani da murfi, katakon sama shi ne murfin, robar tana shiga tana fita ne kamar durowa. Katako ni dai mai farar ledar nan da ake kabad ɗin kicin da shi nake saya, mai kaurin milimita 18, yana da nauyi amma danshi ba ya cinsa da wuri in ka rufe gefunan da aka yanka. In kuɗi sun yi kaɗan falanki ma zai yi, sai dai ka shafe shi da banish ka bar shi ya sha iska har warin ya fita gaba ɗaya.

Toh ga wajen da ake faɗuwa. Daga ƙasa ake fara haɗawa. Ka kafa katakon ƙasa da na gefe biyu, ka shimfiɗa tef ɗin ɗumi, wato shimfiɗar lantarki mai ɗumama ƙasan roba, a ta baya, tun yanzu ba sai daga baya ba, don shi ma yana da ɗan kaurinsa kuma in ka auna ba tare da shi ba robar za ta cije. Sai ka ɗora roba, ka aza tsohon faifan sidi a kowace kusurwa huɗu ta bakinta, ka ɗora katako na gaba a kai ka danna sannan ka ɗaure da sukuru. Faifai ɗaya milimita 1.2 ne, ga jarirai ɗaya nake sawa, ga manya biyu-biyu, iyakarta kenan. Zare faifan ka ja robar ka gani, in tana tafiya da ɗan gogar katako daidai ne. Kowane hawa da robar da za ta zauna a wurin za ka auna shi, ba a yin awo ɗaya a raba wa duka.

Ni a kantata ta farko da ido na auna, na bar tazarar da ɗan yatsana ƙarami ya kusa shiga, ina ganin ai kan mesar ya fi haka girma. Ashe bakin roba a tsakiya yana lanƙwasa in ta tura da hanci, kuma da zarar kai ya wuce jiki zai bi. Kwana tara ina nemanta, a bayan firij na same ta inda injin ke fitar da ɗumi, ta bushe da ƙishi. Tun daga nan nake ƙara ƙaramar sakata a gaban kowace roba don kar ta turo ta waje, da katako a baya da zai tokare ta.

Tef ɗin ɗumi kashi ɗaya cikin uku na ƙasan roba kawai zai rufe, kuma ba a jona shi kai tsaye a soket, sai ta na'urar daidaita zafi, in ba haka ba zai ƙona cikin macijin ko ya narkar da roba. Ɗan kan na'urar mai jin zafi ka manna shi a jikin tef ɗin da tef na alminiyom. Ɓangaren ɗumi digiri 31 zuwa 32, ɗaya ɓangaren 25 zuwa 27. In kana wuri mai zafi kamar Kano a watan Afrilu kashe shi ma za ka yi, daren hunturu ne ake buƙatarsa. Kunna kantar babu komai a ciki kwana biyu kana duba awo.

Hujin iska da ƙarfen soda na masu gyaran rediyo ake yi a gefunan roba, kaɗan tukuna, in ka ga raɓa na taruwa ka ƙara. Shimfiɗa jarida ko ɓawon kwakwa, kwanon ruwa mai nauyi, da wurin ɓuya. Danshi ya tsaya wajen kashi 60, in ba haka ba saɓarta za ta riƙa maƙalewa. Salatif ko wane iri kar ya shiga cikin robar, in ya manne mata da fata yake fita.