Darasi: Me Ke Sa Halin Mutum Ya Riƙa Juyawa?

Za ka ga mutum da hantsi yana raha, kafin azahar ya murtuke fuska, ko kuka ya zo masa ba tare da an taɓa shi ba. Akan ce halinsa ne, ko a ce iska ce, ko sammu. Sau da yawa dalilin yana cikin jiki, kuma ana iya gano shi.

A fara duba ci da barci. Manomin da ya fita gona tun asuba da kofin shayi kawai, sukarin jininsa na iya sauka kafin rana ta take, sai jiri, karkarwa da saurin fushi. Mai shan maganin ciwon suga ya fi kowa shiga wannan haɗari. Babba yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9, goro da shayi mai kauri da daddare kuwa suna cinye shi.

Mata suna da nasu lokutan: 'yan kwanaki kafin al'ada, lokacin goyon ciki, da shekara 45 zuwa 55 sa'ad da al'ada ke ɗaukewa. Mai jego ce ta fi buƙatar a sa mata ido. Kwana 3 zuwa 5 bayan haihuwa takan yi kuka ko ƙunci, amma yakan wuce cikin mako 2. Idan ya zarce haka, ko ta ƙi karɓar jariri, ko ta fara sambatu, "ki yi haƙuri" ba zai wadatar ba. A kai ta asibiti, uwa ko miji ya raka ta.

Tramadol, kodin, wiwi da sholisho suna ɗaga mutum sama, in suka sake shi su bar shi cikin ƙunci da faɗa. Ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe ma wasunsu suna hana barci, suna birkita hali.

A duba wuya. Ciwon maƙoƙo kan zo da faɗuwar gaba, gumi da rama duk da yawan ci, ko kuma kasala da jin sanyi. Gwajin jini ne ke rarrabewa.

Wanda ya yi kwanaki ba barci, ga surutu da ɓarnar kuɗi, sannan ya yi makonni a ɗaki ba ya magana, ciwo ne mai magani. Kada a ɗaure shi, kada a doke shi. Ana duba irinsu a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da asibitin Malam Aminu Kano, duka a jihar Kano. Wanda ya ambaci kashe kansa kuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a tafi da shi a ranar.

Aikin gida: ku samu kalanda. Kowane dare ku zana da'ira in an wuni lafiya, ku ja layi in rai ya ɓaci, ku rubuta awannin barci a gefe. Mata su sa ɗigo a ranakun al'ada. Bayan wata 2 ku kai takardar wa ma'aikacin lafiya, tare da kwalayen duk magungunan da kuke sha.