Yadda Ake Riƙe Hannun Sabon Malamin Jami'a a Shekararsa ta Farko a Kano

Duk lokacin da aka ɗauki sababbin malamai a sashenmu, abin da muka saba yi bai wuce mu taru a ofishin shugaban sashe, mu yi musu barka da zuwa, mu yi addu'a, sannan kowa ya koma bakin aikinsa ba. Daga ranar kuma sai a bar su da halinsu, a ɗauka cewa wanda ya fita da sakamako mai kyau har aka riƙe shi, ai ya san yadda jami'a take. Na daɗe ina ganin yadda wannan zato yake kayar da matasa masu hazaƙa, domin sanin jami'a daga kujerar ɗalibi daban yake da saninta daga gaban allo. Wannan rubutu na manyan malamai ne da shugabannin sassa waɗanda aka danƙa wa amanar sabon malami, ko kuma suka ɗauki amanar da kansu.

Abu na farko shi ne takardu, kuma a makon farko ake gama da su. Ka ɗauki sabon malamin da ƙafarka ka kai shi ofishin magatakarda da na ma'aji, kada ka tsaya a kwatance. Ya buɗe fayil, ya miƙa bayanan asusunsa na banki, ya kuma zaɓi kamfanin fansho, domin a ƙarƙashin dokar fansho ta 2014 ana cire kashi 8 cikin ɗari daga albashinsa, gwamnati kuma tana ƙara kashi 10, kuma idan bai buɗe asusu da wuri ba kuɗin za su yi ta taruwa a inda bin sawunsu zai wahalar da shi daga baya. Takardar da na fi matsa wa kowa a kanta ita ce ta kama aiki, wadda take ɗauke da kwanan wata da hatimi. Daga wannan rana ake lissafin tabbatar da shi a aiki da kuma ƙarin girmansa, don haka ya yi mata kwafi uku, ya ajiye ɗaya a gida. Ka kuma gaya masa gaskiya tun ranar cewa albashin farko yakan yi jinkiri, wani lokaci har watanni, saboda kada ya ci bashi da sa ran ƙarshen wata. A hanyarku ta dawowa ka gabatar da shi ga sakataren sashe da masinja da mai gadin ginin, da sunayensu, domin waɗannan mutane ne za su san inda fayil ɗinsa ya maƙale ranar da ya maƙale.

Sai maganar muhalli. A nan ra'ayina ɗaya ne: kada baƙo ya kama hayar gida a Kano a makonsa na farko. Kuɗin haya na shekara ake biya gaba ɗaya, ga la'adar dillali a kai, kuma wanda ya biya ya ga bai gamsu ba sai ya haƙura har shekara ta zagayo. Gara ya raɓa da wani abokin aiki ko ɗan'uwa na wata guda, ya fahimci gari tukuna. Ya fara sanin inda zai fi yin lakca. Jami'ar Bayero kaɗai tana da tsohon matsuguni a gefen ganuwa wajen Kabuga da kuma sabon matsuguni a kan titin Gwarzo, ga masu koyar da likitanci da suke wuni a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya. Wanda aikinsa yake sabon matsuguni, Rijiyar Zaki da Rimin Gata da Danbare sun fi masa. Na tsohon matsuguni ya duba Janbulo da Gadon Ƙaya da Ɗorayi da Tudun Yola. Na asibiti kuwa Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi. Gidan da ya yi arha amma sai an hau adaidaita sahu biyu kafin a isa aji, ba arha ba ne idan aka haɗa kuɗin mota na shekara. Idan kun je duba gida, ku tambayi maƙwabta abu uku kafin ku saurari dillali: ko akwai rijiyar burtsatse ko da 'yan garuwa aka dogara, awa nawa wuta take zama, da kuma yadda layin yake a watan Agusta idan ruwa ya yi ƙarfi. Ya sa sunansa a jerin masu neman gidan ma'aikata tun yanzu, ko da zai daɗe bai samu ba.

Ranar da ya tare, ka raka shi ya gaida mai unguwa da limamin masallacin layin. Idan malama ce, ka haɗa ta da wata babbar malama da za ta shigar da ita cikin matan unguwa da na sashe. Idan kuma abokin aikin ba Musulmi ba ne ko ba ya jin Hausa, ka nuna masa hanyar Sabon Gari inda zai sami coci da abincin da ya saba, ka koya masa gaisuwar safe da ta yamma da abin da ake faɗa wurin ta'aziyya. Zuwa gaisuwar mutuwa da suna da ɗaurin aure na abokan aiki wajibi ne a shekarar farko, kuma kai ne za ka riƙa sanar da shi, domin sabo ba ya cikin waɗanda labari yake isa gare su da wuri.

Wajen rabon kwasa-kwasai, al'adar da muka gada ita ce a jibga wa sabo ajin 'yan shekarar farko mai ɗaruruwan ɗalibai, saboda manya sun gaji da shi. Idan ba yadda za a yi, to a haɗa shi da babban malami a kan kwas ɗin, kuma babban ya shiga aji da gaske, ba sunansa kawai ya hau jadawali ba. Ka zauna a bayan ajinsa sau biyu a zangon farko, ka gaya masa abin da ka gani ku biyu kaɗai a ofis.

Yanzu na zo kan matakin da ya sa na ɗauki alƙalami, wato jarrabawa da makin ɗalibai. A nan na ga sababbi sun fi faɗuwa, kuma a nan ni ma na gaza. Shekarun baya an haɗa ni da wani matashi mai ƙwazo, wanda ɗalibai suke cika ajinsa tun kafin lokaci. Na taimaka masa da gida, na gyara masa muƙalarsa ta farko, amma ban taɓa zaunar da shi na tambaye shi yadda yake ajiye maki ba, domin na ɗauka abu ne da kowa ya sani. Ya yi wa ɗalibai sama da ɗari uku gwajin tsakiyar zango, ya duba, ya shigar da makin a kwamfutarsa, ya miƙa wa shugaban aji takardun ya raba. Ana saura kwanaki a miƙa sakamako kwamfutar ta lalace, kuma babu kwafi a ko'ina. Kunya ta hana shi faɗa. Sai ya zauna cikin dare ya ƙiyasta wa kowane ɗalibi makin gwaji daga abin da ya ci a babbar jarrabawa. A taron sashe na tantance sakamako, jami'in jarrabawa ya ɗaga takarda ya tambaya yadda aka yi wata ɗaliba ta sami makin gwajin da aka yi a makon da take kwance a asibiti, alhali takardar likitanta tana cikin fayil. Ina zaune kusa da shi, na ga hannunsa yana rawa a kan tebur. Da muka fito ya biyo ni har bakin mota ya ce, “Malam, wallahi ban yi don in cuci kowa ba.” Na san gaskiya ya faɗa, amma sai da ya amsa takardar tuhuma, kuma maganar ta bi shi har lokacin tabbatar da shi a aiki.

Tun daga ranar nake zaunar da kowane sabon malami kafin gwajinsa na farko, ba kafin babbar jarrabawa ba, in bi da shi waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Duk gwajin da zai yi, a zagaya da takardar halarta kowane ɗalibi ya rubuta lambarsa ya sa hannu, kuma ya ƙirga takardun amsa a gaban mai sa ido kafin ya bar ɗakin, adadinsu ya yi daidai da na masu sa hannu. Ya rubuta tsarin ba da maki tare da tambayoyin, a rana ɗaya, kafin ya ga amsar ko ɗalibi guda, domin wanda ya fara dubawa ba tare da tsari ba, takarda hamsin ta farko da hamsin ta ƙarshe ba za su sami ma'auni ɗaya ba, kuma mai tantancewa daga wata jami'a zai gane haka da kallo ɗaya. Maki ya zauna a wuri uku: a littafi mai bango da aka rubuta da biro, a kwamfuta, da kuma kwafin da ya aika wa kansa ta imel a daren da ya gama shigarwa. Littafin bai kai kuɗin kwanon abinci ba, kuma shi ne ba ya lalacewa idan wuta ta yi ƙarfi. Kada ya mayar wa ɗalibai takardun gwaji sai ya miƙa kwafin makin ga jami'in jarrabawa an sa masa hannu. Ni a ganina dubawa a ofis ake yinta. Wanda ya kai buhun takardu gida ya ajiye a falo, inda yara da baƙi suke shiga, ya buɗe ƙofar da ba zai iya rufewa ba, kuma ba a ba ɗalibi ko ƙani ya taya tara maki ko da kuwa lokaci ya ƙure. Ya kuma kula da masu maimaita kwas, domin sunayensu ba sa zuwa cikin jerin 'yan aji, kuma su ne sakamakonsu ya fi ɓacewa. Abu na ƙarshe da nake nanatawa shi ne, idan wani abu ya ɓata, ya zo ya same ni a ranar, domin ɓatan maki yana da hanyar gyara a hukumance, a sake gwaji da sanin shugaban sashe, amma ƙirƙirar maki ba ta da ita.

Akwai wani ɓangare na wannan mataki da ya shafi zaman gari. Kano gari ne na zumunci, kuma da zarar an san mutum malamin jami'a ne, za a fara yi masa sallama bayan sallar isha'i. Wani dattijon maƙwabci ne, wani surukin yayansa ne, kowa da 'yar takarda mai ɗauke da lambar ɗalibi, ana cewa a duba mana yaro. Matashin da aka tarbiyyantar da jin nauyin manya ba ya iya cewa a'a kai tsaye, don haka sai ka ba shi kalmomin da zai faɗa tun kafin a zo. Ni nakan ce ya amsa da cewa, “Baba, sakamako ba a hannuna kaɗai yake ba, yana bi ta sashe da tsangaya har majalisar jami'a, amma a turo mini yaron gobe in ga inda yake da rauni.” Wannan magana gaskiya ce, ba ta kunyata dattijon ba, kuma ta mayar da roƙon zuwa taimakon da ya halatta. Haka ma kyauta: turmin atamfa ko katin waya daga ɗalibin da bai gama karatu ba, a mayar da shi cikin mutunci a ranar. Ɗaliba ko ɗalibi, a ofis ake ganawa, a lokacin aiki, ƙofa a buɗe.

Sauran al'amura suna zuwa da sauƙi idan waɗannan sun zauna. Ka nemo masa kundin ƙa'idojin ƙarin girma na jami'arku ku karanta tare, ya san abin da ake buƙata daga mataimakin malami har zuwa babban malami. Ya yi rajistar digirinsa na gaba a shekarar farko, kafin aikin sashe da hidimar iyali su cinye shi, ka kuma nuna masa ofishin da ke kula da tallafin ƙaro karatu da halartar taruka na TETFund, wato asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa manyan makarantu. Ka gargaɗe shi game da mujallun intanet masu karɓar kuɗi su buga muƙala cikin mako guda, domin kwamitin ƙarin girma ba ya ƙirga su, kuɗinsa kuma sun tafi. Kada ka roƙe shi ya sa sunanka a muƙalar da ba ka rubuta komai a cikinta ba. Ya shiga ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata daga albashinsa na farko, ko da abin da zai riƙa zubawa kaɗan ne, domin waɗanda suka ga yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022, wanda ya ɗauki wata 8 daga Fabrairu zuwa Oktoba ba tare da albashi ba, sun san amfanin wannan ajiya. Ka sa masa rana ɗaya a kowane wata da zai zo ofishinka ko da ba shi da matsala, kuma a zaman farko ka ce ya taho da littafinsa na maki ka gani.