Kafin ku ba 'yan jari-bola tsohon kaset ɗin gem

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu tsofaffin kaset na gem a adaka, musamman na wasan tanis, ku duba kafin ku haɗa da kayan gwangwan a kai kasuwar Wudil ranar Juma'a.

Kamfanin Nintendo ya fitar da Tennis a Japan a 1984, ya shiga Amurka a 1985 cikin rukunin farko na wasannin NES, na'urar gem ta Nintendo da ake haɗawa da talabijin. An buga shi da yawa, don haka kaset tsirara kuɗinsa kaɗan ne. Masu tara kayan tarihi kwali suke bi, da ɗan littafin bayani, uwa-uba wanda ba a taɓa ɓare shi ba. A 2021 an sayar da kaset ɗin wasan Super Mario Bros. da ke rufe cikin ledarsa dala miliyan 2. Na tanis bai ko kusanci haka ba, kada wani ya fara lissafin sayen gona.

Yawancin waɗanda muka buga a ƙauye kuwa jabu ne, irin mai launin ɗorawa da ke iƙirarin wasa 999 a ciki. Ba su da kasuwa. Na asali yana da sunan Nintendo a zane a jikin robar baya.

In naka na asali ne, kada ka hura masa iska da baki, danshi na sa tsatsa. Goge haƙoransa, wato ƙarafan da ke shiga cikin na'ura, da auduga da ɗan sifirit. Kwalin kuma a sa cikin roba mai murfi, nesa da ƙasa, saboda gara da laimar damina. Sai ka duba farashin da aka riga aka sayar a eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, kafin ka yi ciniki da kowa.