Yadda nake koyon wadar zuci da yara uku a daki ciki da falo

Ran Lahadi bayan an tashi sujada wata kanwata a Zumuntar Mata ta tare ni a bakin kofa, goyo a bayanta wani kuma yana jan zaninta yana kukan biskit, tace Anti dan Allah ke ya kike yi ne, ni fa na gaji, har na fara jin haushin kowa. Nace mata da kin leko gidana karfe shida na safiyar Litinin da baki yi min wannan tambayar ba. Amma na yi mata alkawari zan zauna in rubuta dan abinda na koya, to gashi, duk wadda ya yi wa amfani ta dauka.

Abinda ya fara kwance min kai wata kalma ce guda a Filibiyawa 4:11. Bulus bai ce da wadar zuci aka haife shi ba, cewa yayi ya koya, kuma yana daure a kurkuku ya rubuta hakan. To in koyo ake yi ashe kamar tukin tuwo ne, ranar farko sai yayi gudaji. Ni da na dauka hali ne da Allah ke ba wasu mata masu sanyin rai ya hana irinmu masu saurin hawa.

Ki fara da dare, safiya bata gyaruwa da safe. Kafin ki kwanta ki jika wake ko geron kunu, ki goge yunifom in NEPA sun kawo wuta, in basu kawo ba dutsen guga na gawayi yana nan, ki nemo safa da takalma ki jera a bakin kofa, ki cika bokitai. Minti 30 ne zuwa 40 amma shi ke raba ki da ihun safe, dan yawancin fadan da nake yi wa yara da safe ba laifinsu bane, takalmi kafa daya ne ya bata ni kuma na makara. Daren Asabar ya fi kowanne. A Fitowa 16 Isra'ilawa kullum manna ta rana daya suke tsinta, wanda ya boye ta kwana sai tayi tsutsa, amma ranar shida an ce su tara ninki biyu dan su huta washegari. Ni haka nake yi da miya, ran Asabar nake yin ta kwana biyu, ran Lahadi dumame kawai, sai mu isa coci ba tare da na zagi kowa a hanya ba.

Addu'a kuwa ki daina jiran samun awa guda shiru, ba zaki samu ba sai sun girma. Na dade ina jin kamar na ja da baya a ruhaniya saboda ina bude Littafi Mai Tsarki barci ke kwashe ni. Yanzu aya daya nake rubutawa a takarda in manna a bango kusa da murhu, sati guda ina kallonta ina juya miya. Da yamma bayan an ci tuwo mu zauna a tabarma minti 10, waka daya daga littafin wakoki, labari daya gajere, Dauda da Goliyat ko Yunusa a cikin kifi, kowa ya fadi abu daya da ya gode wa Allah a kai. Autana kusan kullum kosai yake gode wa, mun barshi. Maimaitawar Shari'a 6:7 ma cewa tayi a koya wa yara a zaune a gida, a kan hanya, da kwanciya da tashi, wato a cikin hidimar ake yi. In baban yara yana gida ki mika masa littafin shi ya karanta, kar ki saba masa da cewa ibadar gida aikin mace ne.

Sai maganar cefane, a nan zan dan dade dan a nan rai ya fi baci. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023 kowa ya san yadda kudin mota da mudun hatsi suka koma, to sayen kullum kullum a shagon unguwa shi ke cinye mu. In kina adashe ki roki a baki kwasarki ta fado lokacin kaka, wajen Nuwamba zuwa Disamba, lokacin da masara da wake da gero suka fi araha. Mu a Kaduna mukan hada kudi mu hudu ko biyar a aika mutum daya Saminaka ya sayo buhu mu raba, wadda bata da hali ta shiga Kawo ran Talata ta auni tiya biyar ko goma. Wake ki shanya shi ya bushe sosai ki dura a jarka mai murfi ki toshe gam, iska bata shiga kwari basa rayuwa, ko ki nemi buhun PICS mai leda biyu a ciki. Dan Allah kar ki zuba fiya-fiya ko wani maganin kwari a abincin da 'ya'yanki zasu ci. Kubewa da tumatir da tattasai ki yanka ki shanya lokacin da suke banza a kasuwa, kuka da daddawa kuwa basa baci da wuri. Wata ta taba ce min wai tanadi rashin bangaskiya ne tunda abincin yini muke roko, nace to Yusufu da ya tara hatsin shekara bakwai a Masar fa.

Abin karin kumallo na yara ba sai na gwangwani ba. Ki soya gero ko dawa gwangwani 6, waken soya 3 ki jika ki cire bawon ya bushe sannan ki soya, gyada 1, ki kai inji a nika, shine Tom Brown din da ake ta fada. Damawa kawai zaki yi kamar kunu. Jariri dai nono zalla har wata 6, ko ruwa ba sai an bashi ba, duk da na san surukai basa son jin wannan. Kuma ki ajiye ORS, wato garin hada ruwan gishiri da sukari, da maganin zinc a gida tun kafin gudawa ta zo tsakar dare. In ORS din ya kare ki hada da kanki, ruwa mai tsabta lita 1, sukari karamin cokali 6, gishiri rabin karamin cokali, a shafe bakin cokalin kar a tula. Zazzabi kuwa a je a yi gwaji, a kuma kwana cikin gidan sauro ko ana zafi.

Yanzu abinda ya fi cin zuciya, waya. Ni ba talauci ne ya fi hana ni barci ba, status din WhatsApp ne. Kina zaune lafiya kin ci kin koshi sai ki ga wata mate dinki ta sakandare ta sa hoton kicin mai tayil, yaranta sun yi anko an yanka kek, nan take dakinki ya kankance a idonki, kujerar da jiya baki ga aibunta ba yau kin ga inda ta yage. Abinda nayi shine bana duba status sai yara sun kwanta, wasu kuma nayi musu miyut ba dan sun min laifi ba, zuciyata na sani. Wata shekara na ci bashin atamfa da takalman Kirsimeti dan kar 'ya'yana su fita daban, har Ista ina biya, takalman kuwa kafin Fabrairu sun matse su. Tun daga nan a watan Oktoba nake zuwa Kasuwar Barci in zabi gwanjo mai kyau kafin ya yi tsada, in wanke in goge, sabon dinki daya kacal kowa. Ankon biki ma ki koyi cewa bana bazan iya ba amma zan zo in taya aiki, sau biyu zaki ji kunya, na uku ya zama jiki. 1 Timoti 6:8 abinci da sutura ya ambata, bai ce sai leshi ba.

Kar ki yi komai ke kadai. Dan shekara 4 zai iya kwashe kwanuka ya kai wajen wanki, 'yar shekara 7 zata iya shara da ninke kayanta, ba zai yi kyau ba, ki kau da kai kar ki sake yi a gabansu. Maza ma a sa su, ranar da dana ya ce wanke-wanke na mata ne ranar ya wanke tukunyar tuwo. Ni da makwabciyata, Musulma ce, muna karba-karba, ta rike min nawa in je kasuwa in rike mata nata ta je awo, da Sallah ta aiko mana nama da Kirsimeti in aika mata shinkafa da cincin.

Abu daya da bana so a rude, wadar zuci ba ita ce yin shiru kan abinda ke kashe ki ba. In maigida baya kawo na cefane alhali yana da shi, ku zauna ku yi lissafi a takarda, in ya ki a sa manya ko fasto. In duka ne kar ki boye. In kuma bayan haihuwa kin wuce sati biyu kina kuka ba dalili, ba barci, ba kya son ko daukar jaririn, wannan ciwo ne da ake maganinsa a asibiti, ki fada wa nas ranar rigakafi, a yi addu'a a kuma je.

Ni har yanzu ina fashewa, shekaranjiya ma na daka wa babbar tsawa kan man gyada da ta zubar, rabin kwalba. Da dare na je bakin katifarsu nace ki yi hakuri Mama ta yi fushi fiye da kima, tace ba komai amma gobe a sa mata sukari biyu a kunu. Na sa mata daya da rabi.